Shafinmu na sayar da aya ba ya fitowa a Google, ta ina za mu kama?

Ɗan Bagalam ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri zan ɗan ja zance, don in ba ku ji tushen abin ba, shawarar ba za ta zauna daidai ba.

Ni da ƙanwata muka buɗe ɗan ƙaramin kamfani a nan Maradi bara bayan kaka. Aya muke saye a ƙauyukan wajen Madarunfa da Gidan Rumji, mu kawo gida, mata huɗu su zauna su tsince tsakuwa da ɓaragurbi, a wanke, a shanya bisa tabarmi sai ta bushe ƙayau, sannan mu ɗura a leda ta kilo ɗaya da ta kilo biyar. Wata kuma mukan niƙa ta gari. Masu sayenmu yawanci mata ne masu kunun aya a Yamai, sai wasu ƴan kasuwa biyu da ke zuwa daga Katsina ta hanyar Ɗan Isa. Duk ta WhatsApp muka san su, wannan ya ba wancan lambarmu.

Da muka ga abin ya fara tsayawa da ƙafafunsa, sai muka ce bari mu buɗe shafin intanet, ko Allah zai sa wanda bai san mu ba ya samo mu. Na ba wani yaro jikka ɗari da hamsin (sefa dubu ɗari da hamsin) ya haɗa mana shi da WordPress, wata manhajar haɗa shafuka. Shafuka biyar ya yi: na farko, tarihinmu, kayanmu, hotuna, da inda za a tuntuɓe mu. Duk da Faransanci. Ya yi kyau ƙwarai, ban raina aikinsa a ido ba. To amma yau wata bakwai ke nan, ko mutum ɗaya bai taɓa kira ya ce a shafin ya gan mu ba. In na rubuta "souchet Maradi" (souchet ita ce aya da Faransanci) a Google, ina bi har shafi na biyar ban gan mu ba. Ko sunan kamfanin na rubuta, shafinmu na Facebook kaɗai ke fitowa. Yaron kuma ya bar gari, wayarsa ba ta shiga.

Shekaranjiya wani ya turo mini saƙo, wai in ba shi jikka tamanin zai kai mu sahun farko a Google cikin sati biyu, zai sa shafuka ɗari biyar su nuno namu. Ƙanwata ta ce kada in kuskura, ni kuma zuciyata ta rabu biyu, don kuɗin da muka riga muka zuba yana yi mini ciwo.

Abin da nake son sani: da wane harshe ya kamata mu riƙa rubutu, Hausa ko Faransanci ko Ingilishi? Me ma za mu rubuta, tunda aya dai aya ce? Sau nawa a wata? Ni dare biyu kawai nake da su a sati, sauran lokacin ina sito ko ina tasha wajen aika kaya. Allah ya saka wa wanda ya amsa da alheri.

Ƴar Unguwar Zariya ta rubuta:

Wa alaikumus salam, Yaya. Na karanta har ƙarshe. Aikina ke nan tun da na gama jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, na haɗa wa ƙungiyoyin mata da ƴan kasuwa shafuka, don haka zan faɗa maka yadda zan yi da a hannuna abin yake.

Da farko riƙe jikka tamanin ɗinka, ƙanwarka ta yi gaskiya. Sayen mahaɗai irin waɗannan, wato a biya kuɗi don wasu shafuka su nuno naku, ya saɓa wa dokokin Google, kuma tun 2012, da suka fito da tsarin da ake kira Penguin, suke farautar wannan dabarar. In ka yi sa'a su yi watsi da mahaɗan kuɗinka ya tafi a banza, in ba ka yi sa'a ba, su danne shafin. Google da bakinsa ya ce ba wanda zai iya ba ka tabbacin matsayi na ɗaya.

Abin da ya fi ɗaga mini hankali a zancenka shi ne ko sunan kamfanin ba ya kawo shafin. Wata bakwai ya isa a ce Google ya san da ku. Yau da dare ka rubuta site: ka liƙa adireshin shafinku a jikinsa ba tazara, ka nema. In ba abin da ya fito, to ba ku cikin kundin Google sam, kuma ko littafi ka rubuta ba mai gani. Daga nan ka shiga bayan shafin, inda ake saita shi a WordPress, wajen Réglages, sai Lecture. Can ƙasa akwai wani ɗan akwati da ke cewa a roƙi injunan bincike kada su lissafa shafin. Masu haɗa shafi sukan danna shi lokacin da suke aiki, su manta ba su cire ba. Na taɓa tarar da haka har sau biyu. Bayan nan ka buɗe Google Search Console, kyauta ne, ka tabbatar musu shafin naka ne, ka miƙa musu taswirar shafin, wato jerin adireshin duk shafukan da ke cikinsa. Shi ne zai riƙa nuna maka kalmomin da mutane suka rubuta har aka nuna ku, da sau nawa aka danna, kuma yana ajiye bayanin wata goma sha shida.

Yanzu batun me za a rubuta, wanda shi ne ainihin aikin. Ka ce aya dai aya ce. Yaya, a wajenka ne take haka, don cikinta ka tashi. Ɗauki wayar da kuke ciniki da ita, ka koma baya wata shida, ka samu littafi ka kwafe duk tambayar da wani ya taɓa yi muku, da kalmominsa yadda ya faɗe su, har na saƙon murya. Na tabbata za ka ga irin su: tiya nawa ce a buhu, kuma kilo nawa ke nan? Me ya bambanta babbar aya da ƙarama, wacce ta fi ba da madara? Wata nawa take yi ba ta yi ƙwari ba? Me ke sa kunu ya yi tsami kafin la'asar? Kwana nawa kaya ke yi kafin su isa Yamai? Kowace tambaya da aka maimaita sau uku, shafi guda ce. Wadda ta tambaye ka a WhatsApp tana da ƴan'uwa da yawa da ba su da lambarka, su Google suke tambaya.

Kuma kuna da abin da shafukan Turai masu zancen aya ba su da shi. Su ba su taɓa tsayawa a gona sun ga an ƙone ganyen bayan ya bushe, an tone ƙasa, mata na rairayewa cikin ƙura har ayar ta fito ba. Ku kun gani, kun san dalilin da ya sa tsakuwa ba ta rabuwa da ita, kun san awa nawa mace ɗaya ke yi kafin ta tsince tiya goma. Ku rubuta wannan, da hotunan da kuka ɗauka da hannunku. Mai son sayen buhu hamsin, abin da yake nema ya sani ke nan kafin ya turo kuɗinsa ga wanda bai taɓa gani ba.

Da dare biyu a sati, rubutu biyu a wata ya ishe ka. Dare ɗaya ka rubuta, ɗaya ka gyara ka sa hotuna. Kowane shafi tambaya ɗaya, amsar ta zo a layukan farko, bayani ya biyo baya, ƙarshe maɓallin WhatsApp. Taken kada ya wuce haruffa sittin ko kusa da haka don kada a yanke shi, kuma ya ɗauki kalmar da mutane ke rubutawa. Take irin "Nos produits", wato "kayanmu", ba mai nemansa. "Souchet trié de Maradi, sac de 5 kg" shi ake nema.

Hotuna kuma ka rage musu nauyi kafin ka ɗora. Hoton waya kai tsaye yakan kai mega uku ko huɗu, mace a Yamai da ɗan megan da ta saya ba za ta jira ba. Google ma da fuskar waya yake auna shafi yanzu, kuma abin da suke so shi ne babban abin da ke shafin ya bayyana cikin daƙiƙa biyu da rabi. Ka gwada naku a PageSpeed Insights ka gani.

Harshe kuwa, ni Faransanci zan ce ku fara da shi, tunda shafin da shi aka gina, kuma masu manyan oda na Yamai da Kwatano da shi suke nema. Hausa ta biyo baya.

Tsohon Dillali ya rubuta:

Ɗana, ni ban san kan wannan na'ura ba, jikana ke karanta mini yana rubuta abin da na ce. Amma na yi shekara sama da talatin ina dillancin gyaɗa da wake da aya a babbar kasuwa, zan faɗa maka abin da na sani.

Kafin ka tambayi harshe, tambayi kanka wa kake kira. Mai kunu da ke sayen kilo biyar duk sati daban take da Alhajin da ke son mota guda. Ita tsabta take nema da araha, da kuma kaya su iso ranar da aka ce. Shi kuwa so yake ya san ko za ka iya cika masa adadi, ko ayar buhun ƙasa iri ɗaya ce da ta buhun sama. Tun muna da ƙarfi ake lodin ayar ƙasar nan zuwa Sipaniya, can suke yin abin shansu da ita, amma masu wannan ciniki ba da mata huɗu suke tsinta ba. In ka yi kiran da ya fi ƙarfin sitonka, ranar da aka amsa kunya za ka ji, kuma sunan ɗan kasuwa in ya zube ba ya kwasuwa.

Sai abu na biyu. Jikana ya ce wasu ba sa rubuta kuɗin kaya a shafinsu, wai sai an kira. Kada ka yi haka. Na san farashin aya ba ya zama wuri ɗaya, da kaka ya faɗi, in an doshi azumi ya tashi. To ka rubuta na wannan sati, ka sa kwanan wata a gefensa, ranar kasuwa ka sake. Mutum in ya ga kana faɗin gaskiyar farashi ko da ya hau, zai yarda da sauran maganarka. Allah ya yi wa neman albarka, ka gaida ƙanwar taka.

Na Jibiya ya rubuta:

Baba ya gama magana, Allah ya ƙara girma. Ni wajen Malama ƴar Zariya nake da ɗan ja, a kan harshe kawai, sauran duk na yarda.

Malama, a Faransanci da Ingilishi gasar ta yi yawa. Rubuta "souchet" ko "tiger nut" ki gani, manyan kantunan Faransa da Amurka da shafukan kiwon lafiya ne suka cika wurin, shekara da shekaru suna nan. Ɗan shafin da aka buɗe bara ba zai ture su ba. Amma rubuta "yadda ake adana aya" ko "farashin buhun aya a Maradi" ki ga abin da zai fito. Ƴan bidiyo ne da tsofaffin rubuce-rubucen Facebook, da wuya ki samu shafi ɗaya da ya zauna ya amsa da kyau. Fili ne ba mai shi. Kuma masu karanta Hausa a waya daga Katsina zuwa Kano zuwa Zariya ba kaɗan ba ne, ga shi ku ma can Nijar an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025. Ɗan'uwanmu ya ce yana da masu saye biyu daga Katsina, ai hanya ta riga ta nuna kanta.

Sai dai a lura da yadda mutanenmu ke rubutu. Yawancin wayoyi ba a saita su da ƙ da ɗ da ɓ ba, mutum "kudin aya" zai rubuta, ba "kuɗin aya" ba. Ni abin da nake yi, cikin rubutu ina sa haruffan daidai don mutuncin harshen, amma adireshin shafi da sunan hoto ina barinsu ba lanƙwasa. Haka sunayen garuruwa: ku kuna rubuta Guidan Roumdji da Djirataoua yadda suke a allon hanya, mu nan Gidan Rumji da Jiratawa za mu rubuta. A ambaci kowanne sau ɗaya inda ya dace, ya wadatar. Kada a jera kalma ɗaya sau ashirin, wannan ma laifi ne a wajen Google, kuma mai karatu zai gundura.

In za a yi harshe biyu, kowanne ya samu shafinsa da adireshinsa, kada a cakuɗa su wuri ɗaya. Kuma don Allah kada a zuba Faransancin a Google Translate a kwafo. Tun 2013 aka sa Hausa a cikinsa, ya kuma samu ci gaba, amma mai kunu tana karanta layi biyu za ta san ba mutum ne ya yi mata magana ba.

Wani abu da ba a ambata ba: ku yi rajistar sitonku a Google Business Profile, shi ma kyauta ne, don ku fito a taswira. Ku sa hoton ƙofar, da lokutan buɗewa, ku roƙi matan Yamai da suka daɗe da ku su rubuta abin da suka gani. Na gaskiya fa, ba na ƴan gida ba.

Ɗan Bagalam ya rubuta:

Jama'a na dawo, kwana tara ke nan. Malama, Allah ya biya ki. Akwatin nan a danne yake. Da na gan shi sai da na ajiye wayar na fita tsakar gida na ɗan tsaya, wata bakwai muna jiran baƙi ashe ƙofar a kulle take ta ciki. Na cire, na buɗe Search Console, tabbatarwar ta ba ni wuya sai da wani abokina ya taimaka. Jiya na sake gwada site: ɗin, shafuka uku cikin biyar sun fito.

Littafin ma mun yi. Ni da ƙanwata muka zauna dare biyu bayan isha'i, tana kunna saƙonnin murya ina rubutawa. Tambaya talatin da ɗaya muka samu. Wadda ta fi yawa ba ta farashi ba ce, ta tsamin kunu ce, mata tara suka yi ta, wata har da cewa ko ayarmu ce ba ta da kyau. Ƙanwata ta san amsar tun a wajen mahaifiyarmu, daga yadda ake jiƙa ayar, da tsabtar ƙyallen tata, zuwa saurin sa shi cikin ƙanƙara. Ita za ta faɗa, ni in rubuta. Wannan da Hausa za mu yi shi, don duk taran da Hausa suka tambaya.

Baba, maganarka ta shige ni. Mun bar zancen ƙasashen waje tukuna. Abin da muke iya tsincewa a wata bai kai a yi wa mai mota guda alkawari ba. Mata masu kunu da masu dakuwa da ƙananan kantuna za mu fuskanta, daga Yamai zuwa Kano. Shafin farashi kuma zan riƙa sabunta shi duk Litinin, da sefa, da kwanan wata.

Saura tambaya ɗaya. Abokin nan nawa ya ce me zai sa in wahala, in sa ChatGPT ya rubuta mini guda talatin ɗin a dare ɗaya in ɗora. Ya halatta a wajen Google? Kuma yaushe zan san ko aikin yana ci?

Ƴar Unguwar Zariya ta rubuta:

Alhamdu lillahi, Yaya, na ji daɗi ƙwarai. Malam na Jibiya kuma na karɓi gyara, littafin ya raba gardama. Shafin kaya da na farashi dai a bar musu Faransancinsu a ƙara na Hausa, amsoshin tambayoyi kuwa a fara da harshen da aka yi su.

Google bai hana amfani da irin waɗannan manhajoji ba. Abin da ya hana, kuma ya ƙara tsaurarawa a watan Maris na 2024, shi ne tara shafuka barkatai don neman matsayi kawai ba tare da sun amfani kowa ba, ko na'ura ta rubuta ko mutum. Ni damuwata ma ba ta nan take ba. Manhajar ba ta san abin da mahaifiyarku ta koya wa ƙanwarka ba, abin da ke cikin shafukan wasu za ta juya ta ba ka, har ta ƙara da cewa aya na maganin cuta kaza da kaza. Wannan kada ka bari ya hau shafinku ko da layi ɗaya, ku ba likitoci ba ne, kuma wani zai iya barin maganinsa saboda ku. In za ka yi amfani da ita, ka ba ta Faransancin da ka rubuta ta duba maka kurakurai.

Lokaci kuwa, ka ba shi wata huɗu zuwa shida kafin ka yanke hukunci. Abin da zai fara motsi shi ne adadin sau nawa aka nuna ku, dannawa sai daga baya. Kada ka riƙa leƙawa kullum, ranar ɗaya ga wata ta isa. Ka duba kalmomin da suka kawo ku, in ka ga wata da ba ku da shafinta, ita ce rubutu na gaba. Maɓallin WhatsApp na shafin kuma ka saita shi ya zo da rubutu a shirye, kamar "Na gan ku a shafinku", ta haka ƙanwarka za ta iya ƙirga masu zuwa ta wannan hanya a bayan littafin nan naku.

In kun gama na tsamin kunun, ka liƙo shi nan kafin ka ɗora in duba maka taken da nauyin hotunan. Ka ɗauki hoton ƙyallen tatar da rana, a inuwa, kada da fitila.